Mota Ta Kawo, Wa Zai Sauke?

Kafin mota ta san hanyar gona a ƙasar Maska da ta Galadima, jaki ne ke kai taki. Da an shiga bazara, tun hadari bai fara haɗuwa a gabas ba, za ka ga yara sun jero da jakuna daga bayan gari, kowane jaki da akumari da mangala a gadon bayansa, an cika aljihunan nan biyu da takin turke da toka da sharar gida. In an isa gona ba a neman mai taimako. Yaro ɗan shekara goma zai kama gefe ɗaya ya ɗaga, mangalar ta kife, takin ya zube tsibi guda, ya kakkaɓe ta ya mayar, ya haye jakinsa ya koma ɗauko wani. Amalanken shanu ma haka yake: a kwance shanun, a ɗaga sandar gaba, bayansa ya dafa ƙasa, kaya su sulale. Ba su da sauri, ba sa kuma ɗaukar da yawa, amma sauke kayansu bai taɓa zama wani aiki na daban ba.

Kusan shekara ɗari ke nan wannan yanki yana sauya abin da ke ɗaukar masa kaya. Daga jaki aka koma jirgin ƙasa, daga jirgi aka koma gingimari, sannan akori-kura da Canter, yanzu ga babur mai ƙafa uku yana ratsa lunguna da buhuna. Kowane sauyi ya rage nisa, ya ƙara yawan abin da ake kwasa a sahu ɗaya. Farkon tafiyar da ƙarshenta ne ba su sauya ba. Mai ɗora kayan da mai sauke su har gobe mutum ne, da wuyansa da ƙugunsa, kuma yadda mota ta riƙa girma haka nauyin da ke kansa ya riƙa ƙaruwa.

Auduga ce ta fara jawo ƙarfe zuwa kudancin Katsina. A 1902 masu masaƙu a Ingila suka kafa ƙungiyar BCGA a birnin Manchesta domin su sami inda za a noma musu auduga a ƙasashen da suke mulka, kada su dogara ga Amurka kaɗai. Ƙasarmu mai laka-laka da ruwan sama wadatacce ta yi musu. Aka kafa gidajen gurzar auduga a Funtua da Malumfashi, aka buɗe gonar iri a Daudawa, aka kuma ja layin dogo daga Zariya ya bi ta Funtua da Gusau har ya tuƙe a Ƙauran Namoda a 1929. Tashar jirgin nan da gidan gurza su suka mayar da Funtua gari, inda mazaunin Sarkin Maska yake.

Wanda ya ga fulotin auduga a zamaninsa ya san yawan hannuwan da ƙulli ɗaya ke bi. Manomi ya kawo a ka ko a jaki, a duba a ba ta lamba, a ɗora a sikeli, ƙarti su ɗura ta a manyan buhuna suna tattakawa, a jera, a loda a mota, a sauke a gidan gurza, a raba ta da angurya, a matse ta diloli, a tura dilolin cikin tarago. Sikeli da mota da injin gurza ne kawai ƙarfe a wannan jerin, sai jirgin. Sauran duk ƙashin mutane ne. A nan dako ya zama sana'a mai shugabanni da layi da farashi, wadda mutum zai riƙe iyali da ita.

Sai masara ta zo. Iyayenmu sun san ta a bayan gida ne, 'yan kunya kaɗan da ake gasa wa yara kafin gero ya nuna. A 1975, lokacin ba a ma yanke Jihar Katsina ba, aka buɗe shirin bunƙasa noma na Funtua da kuɗin Bankin Duniya, tare da takwarorinsa na Gusau da Gombe. Shirin ya fasa hanyoyin karkara, ya buɗe cibiyoyin sayar da takin zamani a farashi mai rahusa, ya yaɗa ingantaccen irin masara mai son taki. Cikin 'yan shekaru gonakin Bakori da Ƙafur da Danja da Faskari suka koma masara. A wannan shekarar dai ta 1975 kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna, ga kuɗin man fetur na yawo a ƙasa. Manomin da ya sayar da masara mai yawa, ko ɗan kasuwar da ya saye ta, abin da ya fara sa wa ido shi ne akori-kura. Ita ce ke iya shiga hanyar burji, ta kai taki gona, ta fito da amfani, ranar kasuwa kuma ta kwashi mutane da awakinsu.

Akwai abin da ba a cika faɗa ba game da wannan sauyi. Auduga tana da girman ido amma ba ta da nauyi sosai. Masara kuwa dunƙulalliya ce, buhunta kilo 100 ne, wani lokaci har da ɗori. Da aka rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986, masaƙun Kaduna suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, jirgin Ƙauran Namoda ya daina zuwa yadda ya saba, sai duk abin da yankin ke nomawa ya koma kan titi a cikin buhu. Daga gona zuwa sito, daga sito zuwa kasuwar Dandume ko Bakori ko Funtua, daga nan zuwa tirelar da za ta nufi Dawanau ko kamfanonin abincin kaji na Kudu, buhu ɗaya sai ya hau wuyan mutum sau biyar ko shida. Tun 1967 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawarar kada namiji baligi ya riƙa ɗaukar abin da ya wuce kilo 55. Ɗan dakonmu kusan ninki biyun haka yake saɓawa, ya taka katako ya hau da shi bodin tirela, tun safe har la'asar. Jiki magayi. Duba su in sun haura shekara hamsin, ka ga yadda suke zama da yadda suke tashi.

Buhu ke nan, wanda aƙalla yana da masu ɗaukarsa da farashinsa. Kayan zube kuwa, wato taki da yashi da jar ƙasa da ƙaiƙayi da masarar da ba a casa ba, matsalarsu daban ce. Bodin akori-kura shimfiɗaɗɗe ne, ba ya ɗagawa. Tifa tana juye kayanta, amma tsadarta ta fi ƙarfin ƙaramin manomi, kuma ba kowace hanyar gona take shiga ba. Don haka in akori-kura ta kai taki, sai yara biyu su hau da shebur, su yi ta watsowa cikin ranar Afrilu, ƙura na shiga ido, warin kashin kaji na shaƙe maƙogwaro. Tafiyar da mota ta yi cikin minti ashirin, saukewa sai ta ci fiye da haka, direba na zaune a inuwa yana lissafin sahun da ya rasa.

A 'yan shekarun nan wannan jira ya ƙara tsada. Farashin takin zamani ya yi tashin gwauron zabo tun daga 2022 da yaƙin Rasha da Yukren ya hargitsa kasuwarsa, don haka manoma da yawa suka koma neman takin gida da kashin kaji da jujin bayan gari. Jakunan da za su kai shi sun yi ƙaranci, saboda fataucin fatunsu zuwa Sin ya cinye su, har sai da Tarayyar Afirka ta haramta wannan ciniki a 2024. Cire tallafin man fetur a 2023 ya sa dole kowane sahu ya biya kansa. Ga kuma rashin tsaro. A yammacin yankin, wajajen Faskari da Sabuwa da Dandume da Ƙanƙara, ba direban da ke son motarsa ta daɗe tsaye a gonar da ke nesa da gari. Yana so ya juye ya juya.

Wannan ne ya kai wani direba da na sani rumfar wani mai walda a Funtua. Yaron mai waldar ne ya ga abin a waya: a Amurka ana sayar da wata na'ura a kwali, wadda ake ɗaurawa a ƙofar bayan akori-kura, a shimfiɗa wani ƙyalle mai ƙarfi a bodi, a zuba kaya a kansa, in an isa a juya hannu ƙyallen ya naɗe, kayan su biyo shi su zube. Ba batir, ba mai. Maigidan ya kalli bidiyon har ya ƙoshi, ya ce ba abin da ke ciki da ba za a samu a kasuwar 'yan gwangwan ba.

Na tsaya na ga haɗin. Ya fara da auna faɗin bodin tsakanin tudun tayoyin nan biyu, domin nan ne iyakar faɗin shimfiɗar. Ya yanko bututun ƙarfe mai kauri daidai faɗin ƙofar, ya cusa guntun sandar ƙarfe a kowane baki ya like da walda, ya tsaya yana jujjuya shi a kan benci yana kanne ido ɗaya, don in bututun ya karkace ko kaɗan shimfiɗar za ta riƙa taruwa gefe guda. Sandunan biyu suka shiga boris, boris ɗin kuma suka zauna a kan wasu ƙarafa masu kusurwa da za a ɗaure a leɓen ƙofar baya. Da ya ɗauko injin huda ƙarfe sai direban ya miƙe.

"Malam, a yi a hankali da ƙofar nan. Ka san motar ba tawa ce ni kaɗai ba."

"Kwantar da hankalinka, Alhaji. Huda huɗu ce. Ran da ka gaji da abin, sufana za ka sa ka kwance kayanka."

Ya sa faffaɗan ƙarfe ta ciki kafin ya ɗaure notuna, don kada nauyi ya yage kwanon ƙofar, ya kuma sauya sarƙoƙin da ke riƙe ta da masu kauri, tunda yanzu duk lodin ta kanta zai bi.

Wurin da gwanintarsa ta fito shi ne hannun juyawa. In aka like hannu kai tsaye a jikin bututun, ƙato ne kawai zai iya motsa rabin tan na taki. Sai ya ɗauko kacar babur da farantanta biyu masu haƙora. Babban, mai haƙora 42, ya like a bakin bututun. Ƙaramin, mai 14, ya ɗora a kan wata 'yar sanda ta daban wadda hannun ke jikinta, ya haɗa su da kacar. Sai ka juya hannu sau uku kafin bututun ya zagaya sau ɗaya, amma ƙarfin da za ka sa ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin uku. Ya ƙara wata 'yar sakata da ke faɗawa tsakanin haƙoran, yadda in ka saki hannun don ka huta ba zai dawo ya doke ka a haɓa ba. Duk wanda ya taɓa murza taliya a injin hannu zai gane abin da gani ɗaya, sai dai wannan naɗewa yake yi.

Shimfiɗar ce ta ba su wahala. Tamfol ɗin leda da aka fara gwadawa ya yage tun kafin kaya su motsa.

"Oga, ai na faɗa maka wannan ba zai yi ba," in ji yaron. "Sai irin na tirela."

Aka samo tsohon tamfol na tirela, aka kai wa mai ɗinkin buhu ya ninka shi biyu, ya bi tsawonsa da igiyoyin bel guda uku ya ɗinke. Aka matse baki ɗaya a jikin bututun da siririn ƙarfe da notuna, ɗaya bakin aka bar shi da tsawo, yadda zai rufe bodin ya kuma haura bangon gaba, don kada taki ya zuba ta bayansa. Bodin kansa duk ya lotsa, ga tsatsa, ga kawunan ƙusoshi. Mai waldar ya goge su, ya shimfiɗa fallen ƙarfe mai santsi. Ya ce rabin aikin a nan yake, domin abin da hannu ke yaƙi da shi gogayya ce tsakanin tamfol da bodi.

A wata gona ta hanyar Bakori aka gwada. Direban ya juya bayan motar ya kalli gangare, ya ja birkin hannu, yaron mota ya sa weji, aka saki ƙofa. Juyin farko da na biyu sun yi tauri, kacar na ƙara, sai ga tulin takin nan gaba ɗaya ya motsa, ya taho a hankali, bakinsa ya fara karyewa yana zuba. Da ya yi tsibi sai a tsaya, a matsa da motar gaba, a sake juyawa. Kafin mai gonar ya gama gaisawa da maƙwabcinsa an yi tsibi biyar a jere, abin da ya rage sai ɗan na lungun tayoyi, wanda shebur ya share. Mai gonar ya zagaya motar, ya kama hannun ya jijjiga, ya tambayi nawa aka kashe.

Kada a ɗauka an ga ƙarshen wahala. Jiƙaƙƙen taki yana manne wa tamfol, duwatsu masu kaifi suna huda shi, rana tana cinye shi, kacar kuma tana son giris kullum saboda ƙura. In aka yi lodin ganganci irin wanda muka saba, har sifirin ya kwanta, ko dai hannun ya ƙi juyawa ko ƙofar ta lanƙwashe. Na'urar kuma ba ta da amfani ga buhu, don ba mai son a jefo masa masara ƙasa ta fashe. Har yanzu abu ne na ɗaiɗaiku, yawancin direbobi ba su ma taɓa ganinsa ba.

Na kai labarin wurin wani dattijo da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a dako, yanzu yake zama a bakin sito yana rubuta wa matasa adadin buhunan da kowa ya ɗauka. Na ce, "Baba, ba kwa tsoron irin waɗannan abubuwa su raba yaranku da abinci?"

Ya yi dariya. "Ɗana, taki ai ba namu ba ne, mu buhu muka sani. Ran da suka ƙera wadda za ta ɗaga buhu daga ƙasa ta ɗora a tirela, ka zo mu yi magana. Kuma in sun ƙera, mu za su sayar wa, kada su kai wa mai kaya."

Maganarsa ta ƙarshe ita ce gaskiyar lamarin. Na'ura ba ta korar mutum sai in tana hannun wani. Baro bai kashe dako ba, ya sauke shi ne daga ka ya mayar da shi kan taya, domin ɗan dakon ne da kansa ke saye ko ya yi haya. Injin casar masara ya raba mata da yawa da 'yan kuɗin da suke samu a sussuka, saboda masu kuɗi ne ke da shi, amma ya samar wa ayarin matasa aikin yawo da shi gona-gona. Tsoron ɗan dako yana da tushe, kuma maganinsa shi ne kayan aikin ya kasance mai arhar da shi ma zai iya mallaka.

In aka waiwaya, abubuwan da suka zauna da gindinsu a wannan yanki su ne waɗanda hannun gida ke iya gyarawa. Garmar shanu ta zauna saboda maƙeri na iya yi mata baki. Injin casa da na niƙa sun zauna saboda masu walda sun koyi ƙera su daga tarkacen ƙarfe. Tsofaffin Peugeot sun yi shekara da shekaru suna aiki saboda kowane bakanike ya haddace cikinsu. Taraktoci nawa kuwa gwamnatoci suka kawo da biki, suka ƙare a kan duwatsu saboda wani ɗan ƙarfe da sai an yi odarsa daga waje? A 2024 an buɗe tashar tsandauri a Funtua, inda ake sa ran inji zai riƙa ɗaga kwantena sukutum. Abin murna ne. Sai dai kafin masara ko waken suya su kai bakin kwantenar, sun riga sun bi ta wuyan mutane da dama, kuma ba wani babban shiri da ya taɓa tsayawa a kan wannan ɓangaren. Mai walda da yaronsa da kacar babur ne suka fara taɓa shi.

Sauran aikin yana wajen lodi. Hanyoyi biyu ne, kuma ba wadda ke buƙatar Bankin Duniya. Ko dai a ƙera ƙaramin abin ɗaga buhu mai hannun juyawa, wanda ƙungiyar 'yan dako za ta saya ta girke a bakin sito, ko kuma a rage buhun kansa. Takin zamani da siminti duk a kilo 50 suke zuwa, ba wanda ya ce ciniki ya lalace don haka. Masara da dawa da waken suya ne muka bar su a kilo 100 saboda sabo, da kuma saboda kuɗin dako da na mota da na kamasho duk a kan buhu ake yanka su. Shugabannin kasuwannin hatsi na Funtua da Dandume da Bakori da Malumfashi, da na direbobi da na 'yan dako, za su iya zama su sake wannan lissafi kafin kaka mai zuwa, yadda ladan ɗaukar kilo ɗari ba zai ragu ba don an raba shi gida biyu.